Fijo 504 ko Marsandi W123: wacce mutum zai iya riƙewa da hannunsa a gida?

Wani ƙanina ɗan baffana ne ya same ni bayan la'asar da waya a hannu yana nuna min hotunan motoci biyu, wai ya tara ɗan kuɗi yana son tsohuwar mota wadda zai dinga taɓawa da kansa ranar Asabar a ƙofar gida, ba ta zuwa aiki bace don yana da mashin ɗinsa. Ɗaya Fijo 504 ce fara tana Zariya, ɗayar Marsandi 230E ce, irin W123 ɗin nan da ta zo kafin V-boot, tana nan cikin gari. Yace "Yaya wacce zan ɗauka, ni dai Marsandin ta fi shiga raina." Nace masa zauna tukuna, don maganar ba ta tsaye bace. Ni na riƙe duka biyun, 504 na gaje ta wajen mahaifinmu Allah ya jiƙansa kuma har yau tana hannuna, Marsandi kuwa 240D mai shan gas na saya da kuɗina na yi shekara huɗu da ita kafin na sayar. Toh abin da na gaya masa shi zan faɗa a nan, har da abin da ban samu na gaya masa ba saboda magariba ta katse mu.

Kowa yasan Fijo a ƙasar nan ta gida ce. A Faransa aka fito da 504 a 1968, amma daga 1975 kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kakuri cikin Kaduna, kuma ba a daina haɗa 504 a nan ba sai wajen 2006, lokacin da Turawa sun daɗe da mantawa da ita. A zamaninta motar gwamnati ce, motar 'yan sanda ce, ita ce wagon ɗin da ke ɗaukar mutane daga tasha zuwa Jos da Maiduguri da Sakkwato, ita ce a-kori-kurar da ke kwaso tumatur daga ƙauye. Ma'anar wannan ga mai gyara a gida babba ce: duk garin da ka shiga akwai dattijon bakanike da ya koyi aiki a kan wannan injin, yasan ƙarar kowane noti, kuma in ka je masa da ladabi ka gaishe shi zai gaya maka abin da ba za ka samu a YouTube ba. Marsandi W123 kuwa daga 1976 zuwa farkon 1986 aka yi ta a Jamus, kusan guda miliyan 2.7, ba a taɓa haɗa ta a nan ba (ANAMMCO, kamfanin haɗa Marsandi na Inugu, manyan motoci yake haɗawa a lokacin), duk wadda ka gani shigo da ita aka yi, ko sabuwa a zamanin da naira ke da ƙarfi ko kuma Beljiyam ta hanyar Kwatano daga baya. Masu gyaranta akwai, amma sai ka nema, kuma yawancinsu yanzu sun koma kan sababbi masu kwamfuta.

Mu fara da buɗe bonet, don nan ne za ka kwana. Injin 504 na fetur, mai lita 2 ɗin nan, a kishingiɗe yake gefe guda, bulok na ƙarfe ne kansa kuma na alminiyam, sarƙa ce ke juya tayimin ba bel ba, kuma duk abin da ke sa shi tashi kana ganinsa da idonka. Kafireta, kwayil, distiribiyuta da kwantak a ciki, fulogi huɗu, famfon mai da injin ke turawa da kansa. In ta ƙi tashi da safe tambaya biyu ce kawai, akwai wuta? akwai mai? Ka zare wayar fulogi ka kusantar da ita jikin inji wani ya yi maka kik kaga ko tartsatsi na fita, ka cire tiyon da ke shiga kafireta kaga ko mai na zuwa, cikin minti goma ka san inda matsalar take. Gibin kwantak milimita 0.4 ne, bawul kuma in inji ya huce ana saita na shiga 0.10 na fita 0.25, da ɗan gejin nan mai siraran ƙarafa da sifana da sukundireba ka gama, kuma wallahi ranar da ka fara saita bawul da kanka ka tada motar kaji wannan ƙas-ƙas ɗin ya ɗauke, silo ya kwanta lamɓas, daɗin da za ka ji ba ya faɗuwa. Abu ɗaya dai, fulogin 504 a can cikin rami suke, sai da doguwar sifanar fulogi, kuma in robar bakin ramin ta mutu baƙin mai na taruwa a ciki ya sa ta fara tsallen wuta, mutane da yawa sun sayi sabon kwayil a banza saboda wannan.

Amma akwai tarko ɗaya a injin Fijo da ya kamata duk mai niyyar buɗe shi ya sani. Silindojin ba a jikin bulok aka haƙa su ba, hannun riga ne, wato bututun ƙarfen da fistin ke hawa da sauka a ciki, ake zurawa, ruwan lagireto na zagaye su kai tsaye, kuma kan injin ne ke danne su. Shekarar da gaskit ɗin tawa ya ƙone na cire kan a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, na shimfiɗa buhu na jera notuna yadda na ciro su, sai na ga fistin biyu a ƙasa naso in juya inji su hau in kankare baƙin da ke kansu. Na ɗora sifana a kan fulin gaba kenan wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon bakaniken ma'aikatar ayyuka ne, ya riƙe min hannu. Yace "kul ɗana, kar ka juya." Nace Baba me ya faru? Yace in ka juya yanzu fistin zai ɗago hannun rigar, abin da ke toshe ruwa a gindinta ya motsa, ka mayar da komai ka ɗaure tsaf amma bayan kwana biyu ka ga baƙin manka ya koma kamar koko, sai an sauke inji gaba ɗaya. Ya aika jikansa ya ɗauko wasu gajerun ƙarafa biyu masu huji da manyan wasa, muka ɗaure su da notunan kan suka danne bakin silindojin, sannan yace toh yanzu juya. Wannan tsarin yana da amfaninsa fa, in inji ya tsufa ba sai an kai bulok wajen masu gundura ba, sabon saiti na hannun riga da fistin da ringi za ka saya ka zura, injin ya dawo sabo. Abin da mutum zai iya yi a gida ne in yana da haƙuri da mai nuna masa.

Marsandi kuwa ba za a yi mata magana ɗaya ba don iri uku ce a wajen mai gyara, kuma nan ne ƙanin nawa ya so ya zame. Akwai 200 mai kafireta, akwai 230E mai injekta, akwai masu gas irin 200D da 240D da 300D mai silinda biyar.

200 ɗin ita ce 'yar'uwar Fijo a sauƙi. Ta farko har 1980 tana da tsohon inji M115 mai ƙarfin doki 94, daga nan aka sa M102 mai 109. Kafiretarta Stromberg ce, ba kamar ta Fijo ba, tana da wata robar fata a sama da ke ɗaga allura, sannan akwai ɗan wurin zuba mai a kanta. In robar nan ta tsage motar ba za ta ja ba ko ka taka totur har ƙasa, kuma da yawa sun cire kafiretar dungurungum sun ɗora ta wata motar saboda robar da ba ta kai tafin hannu ba. In ka fahimce ta ba ta da fitina.

230E ita ce mai daɗin tuƙi, doki 136, ita ce kuma wadda nace masa ya yi hattara. Injektarta Bosch K-Jetronic ce, ba kwamfuta a ciki, duk da matsin mai take aiki, famfo na lantarki yana turo mai da ƙarfi, matsin wajen bar 5 a geji, zuwa wani kai mai rarrabawa wanda ke da wani ɗan ƙarfe a tsakiya da aka goge shi daidai wa daida, ko ƙwayar tsatsa ɗaya ta shiga sai ya maƙale. Abu biyu ne ke kashe ta, ajiya da dattin mai, kuma duka biyun muna da su a nan, motar da ta yi shekara uku a ƙarƙashin tamfol da rabin tanki, ko wadda aka saba zuba mata man galan na bakin titi. Kuma ba a gyara ta da kunne, sai da gejin auna matsin mai, kasan nawa ya kamata ya nuna da sanyi nawa da zafi. Wanda bai da gejin sai ya dinga canza kaya ɗaya bayan ɗaya yana fata, kuɗi na tafiya. Shi yasa za ka ga 230E da yawa a ƙasar nan an cire musu injekta an mayar da su kafireta, kuma yawanci aikin ba ya fita da kyau, ga shan mai ga wayoyi a yanke suna reto. Wadda injektarta ke lafiya ba a taɓa ba, tana tashi bugu ɗaya da sanyi da zafi, wannan dukiya ce kuma ka riƙe ta da canza filtar mai a kan lokaci da tada ta duk sati. Wadda aka ce maka "ɗan saiti kawai take so", ka bar musu kayansu.

Mai gas ita na fi sani. Babu fulogi babu kwantak babu kafireta, in ta tashi ko ka cire batir ba za ta mutu ba. Irin injin nan ne wani direban tasi ɗan ƙasar Girka ya yi kilomita miliyan 4.6 da shi a tsohuwar 240D, motar tana gidan tarihin Mercedes yanzu, kuma a Maroko shekara da shekaru W123 mai gas ce tasi tsakanin garuruwa kamar yadda wagon take a wajenmu. Sabis ɗinta a gida mai sauƙi ne, baƙin mai da filta, filtar gas guda biyu, saita bawul lokaci-lokaci da wasu lanƙwasassun sifanu masu lamba 14. Amma ba ta da gudu sam, in za ka wuce tirela a hanyar Zariya sai ka yi lissafi tun daga nesa, ga gas yanzu ba araha ba, kuma in famfon injekta ya samu matsala ya fi ƙarfin tsakar gida sai wajen masu injin gwaji.

Sannan ga maganar iska, wadda ita ce abin da Marsandi ke ba sabon mai ita mamaki. Motar nan da zuƙar iska take kulle ƙofofi, kuma a mai gas da ita take kashe inji. Siraran tiyo ne kala-kala suka bi ƙarƙashin kafet suka shiga kowace ƙofa. Wani dare na dawo gida wajen sha ɗaya na murɗa makulli na zare shi, inji yaci gaba da aiki abinsa, makulli a hannuna, unguwa tayi tsit sai ƙarar gas ke tashi. Na buɗe bonet da tocilan a baki na danna ɗan ƙarfen nan da aka rubuta STOP a jikinsa sannan ta mutu. Sati biyu ina kashe ta haka ina bin tiyo ɗaya bayan ɗaya, ina toshe wannan da ƙusa in gwada, in toshe wancan, ashe wata 'yar roba ce a cikin ƙofar direba ta bushe ta tsage, tsagar ba ta kai faɗin farce ba. Kuɗin gyaran bai kai na kwanon abinci ba, lokacin da ya ci kuwa ba a magana. Fijo ba ta da wannan duka, hannu ne ke kulle ƙofa hannu ne ke ɗaga gilashi.

Kar a ɗauka komai Fijo ce ke da sauƙi. A ƙasan mota labarin ya juya. Farfelar 504, wato sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya, a cikin wani dogon bututun ƙarfe take wanda ya haɗe giyabos da aksul na baya, wannan ne ke sa ta jure ramuka da kaya, amma ranar da kuloci ya ƙare za ka gane kurenka, don giyabos ba shi da inda zai ja baya sai ka sassauta ƙafar baya ka tura ta, shi yasa bakanikai da yawa suka gwammace su ciro injin ta sama. A gida ba ka da rami ba ka da abin ɗaga inji, aikin kwana biyu ne da mutum uku. A Marsandi farfela a fili take da robobi biyu a bakinta, ka kwance ka sauke giyabos ta ƙasa, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Notunan Marsandi ma sun fi mutunci, bayan shekara arba'in za ka ɗora sifana su kwance, na Fijo musamman wadda ta sha hannu rabi an cinye kansu rabi an sa na wata motar.

Sai dai ƙafar gaba ta Marsandi akwai haɗari na gaske. Sifirin ɗinta dogo ne kuma a matse yake da ƙarfin da zai iya kashe mutum, abin matse sifirin na kasuwa mai ƙugiya biyu ba nata bane, nata na musamman ne mai faranti da ke shiga ta tsakiya. In ba ka da shi kar ka taɓa, ka kai gareji, wannan ba wurin gwada jarumta bane. Sitiyarinta kuma akwati ne ba irin na Fijo mai sanda ba, in ya tsufa sai ka ji wasa a tsakiya, ana ɗan ɗaure shi amma in aka wuce gona da iri ya lalace gaba ɗaya. Na Fijo tayarod da boljoyin da bushin ne, da guduma da haƙuri ka canza. Kuma ko wacce ce a cikinsu, don Allah kar ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai ko kan bulon siminti, bulo fashewa yake ba sanarwa, ka sa mai walda ya yi maka ƙafafun ƙarfe guda huɗu masu kauri kafin ma ka sayi motar.

Yanzu kayan gyara, inda mutane ke cewa ai na Fijo ko a kantin lungu akwai. Da haka ne, yanzu da sauƙi dai amma ba kamar da ba. In ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna za ka samu kusan komai na inji da birki da ƙafa, kuma da araha in ka kwatanta, matsalar ita ce inganci. Sababbin da ke yawo yawancinsu kwali ne mai kyau kaya ba kyau. Na taɓa sayen kwantak a wani shago, kwalin har da tambari, sati biyu robar da ke gogar sandar distiribiyuta ta cinye gibin ya rufe motar ta mutu min a tsakiyar danja. Tun daga ranar in na samu tsohon kaya na asali da aka ciro daga wata motar na fi yarda da shi, kuma kullum akwai kwantak da kwandensa da fanbel na ajiya a but. Abin da ya fara wuya a Fijo shi ne kayan jiki, fitilun gaba na asali, robar gilashi, dashbod da rana ba ta fasa ba, hannun ƙofa. Na Marsandi a kasuwar gida sun yi ƙaranci, sai ka sa an nemo maka a kasuwar Ladipo ta Legas ko Apo ta Abuja, ko ka jira wani ya yanka tasa, amma a waje har yau kamfanonin Jamus irin Bosch da Lemförder da Febi suna yin kayanta masu kyau, in kana da wanda zai turo maka za ka samu abin da zai yi shekaru ba ka sake waiwayarsa ba. Da dala ko yuro za ka biya, ka jira sati uku mota na kan ƙafafun ƙarfe. Wato Fijo kullum kana ɗan taɓa ta da kuɗi kaɗan-kaɗan, Marsandi za ta bar ka wata shida ba ta ce komai ba rana ɗaya ta nemi albashinka na wata.

Zafi shi ke kashe duka biyun a ƙasarmu, kuma yawanci mu ke jawowa. Duk wadda za ka saya kusan tabbas an cire mata tamostat an zuba ruwan rijiya. A Marsandi cire tamostat kuskure ne babba don ita ce ke rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba, in babu ita ruwan zafi ya dinga zagayawa a ciki, kana ganin ka taimaka mata ashe ka cuce ta. A Fijo fankar asali tana da maganaɗisu da ke kama ta in inji ya yi zafi, akasari an ɗaure ta dindindin, wannan ni ban damu da shi ba a zafin Afrilu. Ruwan rijiya kuwa cin alminiyam yake daga ciki har kan inji ya huje, ka wanke lagireto ka zuba ruwan kulan na gaske. Lokacin hunturu kuma ƙura, filtar iska duk sati biyu ka duba ta, wasu Fijo ɗin suna da irin mai baƙin mai a gindi wadda wankewa kawai ake a sake zuba mai, ta dace da mu sosai kar ka yarda a canza maka ita. Tiyon fetur duk ka sauya su ranar farko ko da sun yi kyau a ido, ka ajiye abin kashe gobara a kusa da kujera.

Shan mai ba wani bambanci sosai tsakanin 504 da 200, tawa in kafireta na saiti tana cin wajen lita 11 zuwa 12 a kilomita 100 a kan doguwar hanya, cikin gari ta fi haka, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa yasan me wannan ke nufi. Tunda ba motar kullum bace abin zai zo da sauƙi.

Amma duk wannan surutun na inji, abin da zai yanke maka hukunci jiki ne. Inji ana gyarawa a tsakar gida, ruɓaɓɓen jiki kuwa sai mai walda da fanel bita da mai fenti, kuɗin ya ninka na motar kuma ba za ta taɓa dawowa daidai ba. Nan Fijo ke da rauni, ƙarfenta bai kai na Marsandi kauri ba, kuma yawancin waɗanda suka rage sun yi haya, sun ɗauki buhuna sun faɗa rami an miƙe su an cika da foti an fesa fenti mai sheƙi. Samun 504 da ba ta sha wahala ba shi ne aikin, irin ta tsohon ma'aikaci da ta kwana a gareji, in ka samu ko injin ya mutu ka saya. Ka ɗaga kafet ka duba ƙasa, ka duba inda shokozoba na gaba ke ɗaure, gindin ƙofofi, cikin but da wurin safaya. Marsandi kuma ka duba ramukan jak guda huɗu, ƙarƙashin batir, bayan tayoyin gaba, in mai buɗaɗɗen rufi ce ka duba ko ruwa na sauka cikin mota. Wadda ta yi rayuwarta a arewa busasshiya ce yawanci, wadda ta zo daga Turai a tsufanta gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara ya riga ya ci ta, ta Legas da Fatakwal ma iskar teku ta taɓa ta. Ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu ka bi jikin da shi, inda ya ƙi kamawa foti ne. A ciki kuwa Marsandi ta yi nisa, kujerun MB-Tex ɗin nan, masu ledar roba, sai ka ga shekara arba'in ba su yage ba, ƙofa in ka rufe kaji ta ce dum. Fijo kuma laushin kujera da yadda take shanye rami ba ta da na biyu, ba banza ba ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975.

Toh ga abin da nace masa. In wannan ce motarka ta farko da za ka koyi aiki a kanta, kayan aikinka akwatin sifana ɗaya ne, kuɗinka kuma na wata-wata ne, ɗauki 504, za ta koya maka komai kuma kuskurenka ba zai yi tsada ba, ga masu nuna maka a kowace unguwa. In ka taɓa buɗe inji, kana da wurin ajiye mota a inuwa, kana iya jiran kaya daga waje ba tare da ranka ya ɓaci ba, nemi Marsandi 200 mai kafireta ko 240D, za ka fi jin daɗin ƙarfen da kake taɓawa. 230E sai in ka same ta da injektarta ta asali tana aiki, ka tada ta da sanyin safiya da hannunka, ka yi tafiya ta yi zafi ka kashe ka jira minti ashirin ka sake tadawa, in ta yi gardama a nan akwai aiki a gaba. Takardu kuma ka haɗa lambar shasi da ta jikin takarda da idonka, ta waje ka nemi takardar kwastan, a yi canjin mallaka a rubuce da shaidu.

Ya ɗan yi shiru yace "Yaya ita wannan 230E ɗin mai ita yace shekara biyu tana ajiye, wai batir kawai za a sa." Nace ka tambaye shi ko ya zubar da man tankin kafin ya ajiye, ya kira a gabana, mutumin yace a'a ai da mai a ciki ma kusan rabi. Mun yi da shi ranar Asabar bayan asuba za mu kama hanyar Zariya mu ga Fijon, na ce ya zo da tocila da tsohuwar tabarma ta shiga ƙarƙashi, ni zan taho da maganaɗisu da gejin kwamfireshan, kuma ya gaya wa mai motar kar ya tada ta kafin mu iso.